Baƙi da Ja a Kwamfutar Maame

Babana kafinta ne a kasuwar katako ta Anloga, kuma shi ya yanka mini allon da na fara sana'ata da shi. Fallen katako ne, faɗinsa bai wuce na tiren shayi ba. Ya goge shi sumul, ni kuma na raba shi gida goma sha biyu, kowane gida na shafa masa fentinsa. Ban sa musu sunayen da kwamfuta ke kiran su da su ba. Wannan ruwan goro, wancan ruwan koko, ga ganyen ayaba, ga toka, ga shuɗin bula. Allo a jaka, filash a aljihu, haka nake zagaya Zangon Kumasi ina rina wa mutane fuskar kwamfutarsu.

Wani mai kyamis na layinmu ne silar abin. Na shiga sayen maganin mura, na tarar da shi gaban kwamfuta sanye da baƙin tabarau, a cikin shago, da rana tsaka. Na tambaye shi ko ciwon ido yake. Ya ce a'a, hasken abin nan ne ke sukar masa ido. Na ce to a rage farin mana, a sa wata kala. Ya zare tabarau ya dube ni.

“Ana canjawa?”

Shekara huɗu yana zaune gabanta, a zatonsa kwamfuta da launinta take zuwa duniya, kamar akuya. Daga ranar na fara lura. Mutanen da za su yi awa guda suna sa-in-sa da tela a kan kalar zare, su ne ke zama gaban kwamfuta hannu a naɗe, ba sa taɓa komai don kada su ɓata. Lokacin na gama makarantar koyon kwamfuta, ina buga wa mutane takardu a kwantenar wata ƙawata, rabin yini muna korar ƙuda. Na ce wa kaina to ga aiki ya zo har gida.

Ƙa'idata ɗaya ce: mai kwamfuta shi zai ɗora yatsansa a kan allo, ni nawa in saka. Ba na yi wa kowa dogon bayani, ba na kuma zaɓar wa kowa. Hedimasta ya nuna ganyen ayaba, an sa masa. Wata hajiya mai sayar da atamfa ta nuna ruwan goro, washegari ta aiko wai in dawo, kalar ba ta shiga da labulen shagonta ba. 'Yan unguwa suka sa mini suna mai marina, suna tambayata ko ina rina talabijin. Ina da saurin fushi, na kuma mayar wa da yawansu martani. Babana kaɗai ne bai taɓa yi mini dariya ba.

Wurin aikinsa wata kusurwa ce a cikin filin wata mai sayar da katako, mutuniyar Asante, wadda kowa ke kira Maame. Mijinta, da ake kira Papa, shi ya nuna wa babana kusurwar tun ban fara tafiya ba, ya ce zauna nan. Ba a rubuta komai ba. Shekara ashirin da bakwai ke nan, kuma duk abin da muka ci, duk littafin da na karanta, daga wannan kusurwar ya fito. Masu ba shi aiki a can suka san shi. Filin kuwa na dangin Papa ne, kuma a wurin Tonawa, kamar yadda muke kiran Asante, abin dangi na dangi ne, matar gida ba ta da ta cewa a kansa in magana ta yi tsami.

Wata Juma'a babana ya dawo gida ya ce, “Uwata, gobe ki ɗauko allonki. Maame na son ganinki.” Sunan mahaifiyarsa nake ɗauke da shi, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce kwana biyun nan in Maame ta zauna gaban kwamfutar ofis idonta ruwa yake yi, ta ce hasken ne.

Murna ta hana ni cin abinci sosai. In Maame ta yaba, duk masu katakon Anloga za su kira ni, kuma zan fita daga cikin Zango in shiga gari.

Ofis ɗinta ɗan ɗaki ne na katako, fanka na juya garin katako daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na same ta tsaye, jaka a kafaɗa, idanunta jajir. Na durƙusa na gaishe ta, na fito da allo na ɗora a kan tebur. Ta dube shi kamar ba ta gan shi ba. Kafin ta ɗaga hannu wayarta ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce tana zuwa, ta miƙa wa babana makulli.

“'Yata, yi yadda kika ga ya dace,” ta ce mini da Tonanci. Ta fice.

Nan ya kamata in mayar da allona jaka in ce sai ta dawo. Na san haka a lokacin ma. Amma ga kwamfuta a kunne, ga kujera mai taushi, ga babana yana leƙowa ta taga yana murmushi. Na zauna.

Abin da na tarar ya ba ni haushi. Wani ya sa hoton Papa a bangon kwamfutar, ya ja shi har fuskar ta baje, kuma takardun aiki duk sun warwatsu a kan goshinsa da hancinsa. Hoto ne mai kyau, yana sanye da kente, saƙin Tonawa, yana murmushi. Na ce wannan rashin mutunci ne. Na kwashe takardun na jera su a gefe, na mayar da hoton girmansa na asali, na daidaita shi a tsakiya. Ya rage fili a zagaye da shi. Mai ciwon ido duhu yake so, don haka na sa baƙi. Sai na ga baƙin ya yi shiru da yawa, ba za ta gane inda za ta danna ba. Na leƙa ta taga, na ga jan katakon da ta fi alfahari da shi a jere cikin rana. Na ɗauko wannan jan na sa wa layin ƙasa, na sa wa kawunan tagogi, na zagaye hoton da siririn layi. Rubutu kuma fari.

Wallahi kyau ya yi mini. Na kira babana ya gani, amma injin tsaga katako na ihu, yana riƙe wa wani falle, sai ya ɗaga mini hannu kawai. Na kashe kwamfuta, na je na ce masa ya kulle ofis.

Asabar ce fa. Wanda ya san Kumasi ya san abin da Asabar take nufi. Trotro ɗin da na shiga, motar hayarmu, sai da ya canja hanya sau biyu saboda an tare titi da rumfunan makoki. Matar da ke gefena baƙin zane ta ɗaura da jan kallabi. Kowace katanga an manne ta da hotunan mamata. Na wuce su duka ina lissafin ofis-ofis ɗin da zan shiga mako mai zuwa. Mu a Zango mutuwa ba ta da kala. A wanke mutum, a naɗe shi a farin yadi, a kai shi kafin rana ta faɗi, masu zaman makoki kowa da kayan da ke jikinsa. Baƙi da ja na gan su tun ina goye, amma a jikin wasu nake ganin su.

Ranar Litinin da hantsi babana ya kira ni. Bai taɓa kira na a lokacin aiki ba.

“Ke, zo Anloga yanzu.”

“Baba, lafiya?”

“Ki zo.”

Bai ce Uwata ba. A hanya na yi ta juya abin: ko na goge mata wata takarda, ko kwamfutar ta ƙi tashi. Duk wanda na tuna sai in ce minti biyar ya ishe ni in gyara.

Kasuwa na ta hayaniyarta, amma injin filin Maame a kashe yake. Ma'aikata sun yi cirko-cirko, ba wanda ya amsa gaisuwata. Babana na tsaye a bakin ofis, hannayensa a baya. Na zo na tsaya gefensa na duba ciki.

Kwamfutar na kunne. Ranar Asabar hancina na dab da ita na yi aikin. Yanzu daga bakin ƙofa nake kallon ta, kuma abin da na gani shi ne abin da ke manne a kowace katangar garin nan. Dattijo cikin kente yana murmushi, baƙi ya zagaye shi, ja a sama, ja a ƙasa. Ranar haihuwa da ranar rasuwa kawai suka rage.



Maame na zaune a kan benci, ta rufe baki da gefen zaninta. Wata tsohuwa doguwa ce a tsaye gaban teburin, ban taɓa ganin ta ba. Daga baya na ji yayar Papa ce, daga ƙauye ta zo, kuma Maame ta biyo da ita ofis ne don ta ɗauki wata takarda. Tsohuwar ta juyo ta ƙare mini kallo.

“Ke ce?” ta ce da Tonanci. “To gaya mini, wa ya mutu?”

Da na yi shiru da ya fi. Amma tsoro in ya kama ni, baki yake buɗe mini. Na ce kala ce kawai, ba komai ba ce, saboda ido na sa, yanzu-yanzu zan canja. Na shiga na kai hannu kan linzamin kwamfutar. Tsohuwar ta doke mini hannu, da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba.

“Ba wanda zai taɓa shi. Dangi za su zo su gani.” Ta juya kan Maame. “Ɗan'uwana yana numfashi, kin riga kin sa an shirya masa takardar makoki. Kin ma zaɓi hoto.”

Na buɗe baki, babana ya ce, “Fita.” A hankali ya faɗa, amma na fita.

A bayan tarin katako ya same ni. Ya ce kwanan Papa goma sha ɗaya ke nan a asibiti, kwana uku ba ya gane mutane. Na ce me ya sa bai gaya mini ba? Ya ce ba a yi shelar ciwon ba, su ba sa yaɗa ciwon babban mutum a kasuwa, shi ma don shi ke kai Maame tasha ne ya sani.

“To idon nata fa?”

“Kuka take yi, ke ma. In an shigo an same ta, sai ta ce hasken ne.” Ya share gumi da tafin hannu. “Na ce bari in kawo ki, ko ɗan wani abu ya faranta mata.”

Na rasa inda zan sa kaina. Mace tana kukan mijinta a gabana, ni na ga ciwon ido, har na yi masa magani.

Kafin azahar saƙo ya fito daga ofis: kada babana ya buɗe akwatin kayan aikinsa sai dangi sun zauna, ranar Alhamis. Ya rufe bencinsa da tamfol, da ƙofar wani mutum da bai gama ba a kai, muka taho gida.

Ban taɓa ganin babana a gida ranar aiki ba. Talata da safe ya yi wanka, ya sa kayan aiki, ya ɗauki fensir ya saƙala a kunne, sai ya tuna. Ya zauna a ƙofar ɗaki. Mai ƙofa ya kira, ya ba shi haƙuri. Wani mai son gado ya kira, ya ce ba ya jin daɗi. Duk wayar da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, don na san in Papa ya cika kafin Alhamis, babu sauran magana. Za a ce abin da aka kira ne ya zo. Na yi wa mutumin nan addu'a a kowace sujada, kuma ba zan ɓoye ba, rabin addu'ar don kusurwar babana nake yi. Ina idarwa kunya ta kama ni, sallah ta gaba in sake.

Babana ya je wurin wani dattijo, shugaban kafintocin ɓangarensu, ya roƙe shi ya shige mana gaba. A al'adar Tonawa mai laifi ba ya zuwa ban haƙuri da bakinsa, sai ya bi ta hannun babba. Dattijon ya ce a bisa al'ada da kwalbar giya ake zuwa. Babana ya ce hannunsa ba zai ɗauki kwalba ba. Aka daidaita a kan farin rago. Ranar Laraba ya je kara ya zo da shi, muka ɗaure a tsakar gida, maƙwabta suna tambaya ko suna za a yi.

Bayan la'asar ya kira ni.

“Gobe za su tambaye ki wa ya sa ki. Me za ki ce?”

“Gaskiya zan faɗa. Ta ce in yi yadda na ga ya dace. Kai ma kana wurin.”

“Ba za ki faɗi wannan ba.”

Raina ya tashi. Na ce don me? Ita ta ba ni dama, ita ta fice ba ta nuna kala ba. In an raba laifin biyu, ai namu zai yi sauƙi. Na ce shekara ashirin da bakwai yana gyara musu ƙofa da rufi ba ya karɓar komai, yau saboda fenti a kan gilashi za a kore shi? Na ce kala ba ta kashe mutum, kuma shi ma ya sani. Har muryata ta kai waje.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, “In kika faɗi wannan kalma a gaban tsohuwar nan, ba za ta ji ‘yadda kika ga ya dace’ ba. Za ta ji ‘ta sa ni.’ In Papa ya tafi, da wannan za su fitar da Maame daga gidan da ta haifi 'ya'yanta. Mu benci za mu rasa. Ita gida da suna.”

“To ƙarya zan yi?”

“Wa ya ce ki yi ƙarya? Ta zaɓi kala?”

“A'a.”

“Ta gani kafin Litinin?”

“A'a.”

“Wa ya zaɓa?”

Ya tashi ya je ya zuba wa rago ruwa.

Ban ba shi amsa ba har muka kama hanya ranar Alhamis, kuma ni kaina ban san abin da zan faɗa ba. Mun tafi cikin tasi, ragon a but yana kuka duk ramin da muka faɗa. Labarin asibiti bai canja ba: Papa na nan, bai farfaɗo ba, bai tafi ba.

Gidan dangin babba ne, tsakar gida da siminti. Sun jera kujerun roba, mutum kusan goma sha biyar, tsohuwar a tsakiya. Maame na can gefe ita kaɗai, an bar kujera biyu babu kowa tsakaninta da sauran. Wannan gibin ya tsaya mini a rai. Babana ya raɗa mini in fara gaisawa daga dama. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, wasu suka ba ni hannu, wasu yatsa biyu. Aka ba mu ruwa, aka tambaye mu abin da ke tafe da mu, kamar ba su sani ba.

Dattijon da ya shige mana gaba ya tashi ya gyara mayafinsa ya yi magana mai tsawo. Ya ce yarinya ce, 'yar Zango ce, ba ta san nauyin abin ba. Kalmar yarinya ta sosa mini rai, shekarata ashirin da takwas, amma na haɗiye. Da ya gama, babana ya miƙe. Ya zare takalmansa. Sannan ya kai hannu ya cire hularsa.

Ni 'yarsa ce, amma rabon da in ga kansa babu hula a wajen ɗaki har na manta. Ashe furfura ta cinye shi duka. Ya riƙe hular da hannu biyu, ya rusuna, ya ɗora bayan hannun dama a tafin hagu yadda suke yi.

“Mepa mo kyɛw,” ya ce. Ina roƙonku.

Tsohuwar ba ta dube shi ba. Ni take kallo.

“Ba da kai nake ba, Kramo. Ita nake so in ji.” Haka suke kiran Musulmi. “Ke. Mutum ba ya shiga ofis ɗin wani ya zauna a kujerarsa haka kawai. Me matar nan ta ce miki?”

Kalmomin na nan a kan harshena, a shirye, da Tonancinsu da komai. Na dubi babana, yana kallon ƙasa, ƙafafunsa tsirara a kan siminti mai zafi. Na dubi Maame. Ta san abin da ta faɗa ranar Asabar, ta san na tuna. Ba ta roƙe ni da ido ba, ba ta ma dube ni ba. Hannunta kawai ke murza bakin zani.

Na ce, “An kira ni ne saboda hasken kwamfuta. Ba ta zaɓi kala ba. Ba ta nan na yi aikin, ba ta kuma gani ba sai tare da ke. Hoton ma ni na gyara shi. Ni na zaɓa, ni kaɗai.”

“Ba wanda ya sa ki?”

“Ba wanda ya sa ni in sa baƙi da ja.”

Ta sake juya tambayar sau biyu, ta wata hanya, na ba ta amsa ɗaya. Sai suka tashi, su huɗu, suka shiga wani ɗaki. Muka zauna a rana, ragon na ta jan igiya a bakin ƙofa. Babana bai mayar da hularsa ba.

Da suka fito, wani ƙanen Papa ne ya yi magana. Ya ce sun karɓi ragon, sun karɓi ban haƙuri, ba su riƙe mu da mugun nufi ba. Ya ce matar ɗan'uwansu ba ta da hannu, magana ta mutu ta wannan gefen, kuma ya sa aka matso da kujerarta cikin layi. Na ji numfashina ya sauka. Sai ya ci gaba. Ya ce amma an kira mummunan abu a kan filin dangi, mai ciwo kuma yana kwance. Ƙafar da ta shigo da abin ba za ta ci gaba da taka filin ba. Kramo ya kwashe kayansa kafin Asabar.

Na yunƙura zan tashi. Hannun babana ya sauka a gwiwata ya danne ni. Ya yi godiya. Godiya fa ya yi musu, ya bi su daga dama yana ba su hannu.

A bakin ƙofa Maame ta cim mana. Na zaci babana za ta yi wa magana, sai ta tsaya gabana. Ta bar Tonanci ta koma Hausarta ta kasuwa, wadda kowa namiji ne a cikinta, ina jin don kada na ciki su ji.

“Ni na zo sunanka, na kawo sabulu. Nan garin aka haife ka. Kowane Asabar muna wuce ƙofar gidanku da kuka.” Ta share ido. “Kai ba ka gani mu?”

Ta kama hannuna ta matse, irin matsewar da ban gane ko godiya ce ko fushi ba, ta koma ciki.

Papa bai mutu ba. Bayan mako uku ya farfaɗo, ya yi shekaru bayan nan yana takawa da sanda. Da ya ji labari ya aiko a kira babana, amma kafin nan wani ɗan yayarsa ya riga ya kafa inji a kusurwar, ya zuba siminti. Babana ya ce a gode wa Papa, kada a tayar da rigima a gida saboda shi. Ya kama aiki a shagon wani a Asokore Mampong, yaron da shi ya koya wa riƙon zarto, kuma a can ya ƙarasa shekarun aikinsa, yana jiran a ce masa yanka nan. Ni ban bar sana'ata ba, har yau ina yi. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a da safe muka je kwashe kaya, da babur mai ƙafa uku. Ma'aikatan filin suka taya mu ɗora akwati da katakai, ba mai haɗa ido da wani. Ƙofar ofis a rufe take. Saura benci. Mutum huɗu suka kama suka ɗaga, ya ƙi motsi. Shekara da shekaru na bugun guduma sun nutsar da ƙafafunsa cikin ƙasa, garin katako da ruwan sama sun daskare a kansu. Wani ya ce a yanke ƙafafun kawai. Babana ya ce a'a. Ya ari diga ya durƙusa ya haƙa da kansa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Na sunkuya zan taya shi kwashe ƙasar, ya ce in matsa kada in ɓata kayana.

Da bencin ya fito, ya bar ramuka huɗu, kowanne hannu zai shige har gwiwa. Mai babur na ta danna ƙaho. Babana ya tsaya ya tura ƙasa da gefen ƙafarsa ya cike su, ya tattake, wai kada wani ya zo da katako a kai ya faɗa. Sai da ya gama na huɗun ya ɗago ya dube ni.

“Uwata, kama can,” ya ce. “A hankali, yana da nauyi.”